Abin da Masu Shirya Fina-finan Bidiyo Ke Kallo da Yadda Yake Juya Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da aka taɓa kai wa takardar neman jari don shirya fim, ko aka nemi ya sa tallar hajarsa a cikin wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, ya san irin tambayoyin da akan yi kafin a saki kuɗi: nawa aikin zai ci, su wane ne 'yan wasan, yaushe uwar kuɗi za ta dawo. Akwai kuma wata tambayar da ba kasafai ake yi ba, alhali amsarta tana da nasaba da duk waɗancan. Ita ce, shi mai shirya fim ɗin da ma'aikatansa me suke kallo, a kan wace na'ura, kuma yaushe rabonsu da zama gaban akwatin talabijin kamar yadda mutanen da za a sayar wa shirin suke zama?

Ga ma'aikacin banki ko ɗan tireda, kallon talabijin hutu ne bayan an tashi daga aiki. Ga mai ɗaukar hoto kuwa, da mai tace hoto wanda 'yan sana'ar ke kira edita, da darakta, da mai haɗa sauti, kallo yana cikin kayan aiki, kamar yadda auduga take ga masaƙa. Daga abin da suka kalla suke samo salon ɗauka, da tsawon kowace fitowa, da irin labarin da suke tsammanin zai karɓu. Don haka wanda ya san abin da ke shiga idonsu bana, ya yi rabin sanin abin da zai shigo kasuwa baɗi.

Tarihin sana'ar a Arewacin Nijeriya ya tabbatar da haka. An buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sa'an nan a 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe gidajen da ke akwai a ƙarƙashin Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wato NTA. Yaran da suka taso a wancan zamani abu biyu suka fi gani a akwatin. Na farko wasannin kwaikwayo na gida, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da wasannin su Kasimu Yero. Na biyu fina-finan Indiya. Su waɗannan fina-finai sun riga talabijin zuwa, domin tun cikin shekarun 1950 'yan kasuwa mutanen Lebanon masu gidajen sinima suke shigo da su. To amma talabijin ce ta kai su har cikin gidaje, ga matan aure da yara waɗanda ba a barinsu zuwa sinima. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa tashar NTA Kano kaɗai ta nuna fina-finan Indiya fiye da 1,000 tsakanin 1977 da 2003.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi don sayarwa, waɗanda suka fara shiga harkar yawancinsu 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne da suka saba yi wa NTA da CTV, tashar Jihar Kano, aiki. Shi ya sa fina-finan farko suka fito da kamannin wasan talabijin: a kafa kyamara wuri guda, mutane su zauna a falo ko zaure su yi ta magana. Da samarin da suka tashi da kallon Indiya suka karɓi ragama, sai kamannin suka sauya. Waƙa da rawa suka shigo, labarin samari biyu a kan budurwa ɗaya ya zama ruwan dare, kuma bayan nasarar da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya samu, diloli a kasuwar Ƙofar Wambai suka koma auna fim da daɗin waƙarsa tun kafin su ji labarinsa. Wata sana'a sukutum ta tsiro daga nan, ta ɗakunan buga sauti, da masu kiɗan fiyano, da mawaƙa maza da mata waɗanda ba a ganin fuskokinsu. Jarin da aka zuba a wannan fanni, da ayyukan yin da ya samar, asalinsu abin da wasu yara suka kalla ne shekaru 15 ko 20 kafin nan.

Ya kamata a tuna cewa makarantun koyon wannan aiki ba su da yawa. Akwai Kwalejin Talabijin ta NTA da kuma Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, dukansu a Jos, amma mafi yawan masu riƙe da kyamara da masu zama gaban kwamfutar tace hoto a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato sun koya ne a hannun iyayen gidansu, sauran ilimin kuma suka cike shi da kallo. Na'urar bidiyo mai maɓallin mayarwa baya ta koyar da mutane fiye da kowane aji.

Wannan ya kawo mu ga yadda suke kallon, domin ya sha bamban da na sauran jama'a. Mai gida da iyalinsa suna bin labari ne, suna jiran su ga ko yarinyar za ta amince. Edita kuwa idonsa yana kan inda aka yanka hoto aka haɗa da wani, yana ƙirga daƙiƙa nawa aka bar fuskar jarumi kafin a juya ga abokin maganarsa, kuma shi ne zai fara lura cewa hular da mutum ya shiga ɗaki da ita ba ita ce ya fito da ita ba. Mai ɗaukar hoto yana neman inda aka ɓoye fitila, yana karanta hasken daga inuwar da ke bango. Mai sauti yakan kau da kai daga hoton gaba ɗaya ya saurara, yayin da wani darakta zai kashe sautin don ya ga ko hoton kaɗai yana ba da labari. Sukan tsayar da fitowa guda su maimaita ta sau biyar, sa'an nan su tsallake rabin sa'a ba tare da sun damu da yadda labarin ya ƙare ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji masu iya magana, kuma ƙwararre a cikinsu zai iya kallon minti goma na shirin abokin hamayya ya faɗi kusan kwana nawa aka yi ana ɗauka da irin kyamarar da aka yi haya. Kallon nasu leƙen asirin kasuwa ne da ba a biyan kowa kuɗinsa.

Sai dai wannan ƙwarewa tana tafe da hasara. Wanda ya saba ganin ɗinki ba ya ƙara ganin riga kamar yadda mai saye ke ganinta. Sau da yawa abin da ya burge 'yan sana'a, kamar hoton da aka ɗauka daga sama da ƙaramin jirgi maras matuƙi ko launin da aka ɓata kwanaki ana gyarawa, bai dami mai kallo na gida ba, wanda abin da ya riƙe shi shi ne wata tsohuwa mai baƙar magana da aka biya kuɗi kaɗan. Kasafin shirye-shirye da dama ya karkata ga abin da abokan sana'a za su yaba, ya bar marubucin labari da ɗan abin da ya rage.

Batun lokaci ma yana da nasa tasiri. Sa'o'in da tashoshi suka fi tsada ga mai talla su ne na bayan magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, lokacin da iyali ke taruwa. A daidai wannan lokaci ne ma'aikatan fim suka fi zama a bakin aiki, ko dai a wurin ɗauka ana neman kammala fitowar dare kafin mai gidan da aka ara ya gaji, ko kuwa a ɗakin tace hoto ana tseren gama kashin da za a saki a makon. Saboda haka mutanen da ke cika wa tashoshi sa'o'insu masu tsada su ne suka fi ƙarancin ganin waɗannan sa'o'i. Sukan ga shirin daga baya, a waya ko kwamfuta, su kaɗai, suna tsallake talla. Ba su ganin yadda ake kallonsa a gida: ana ɗauke wuta a tsakiya, ana tashi salla, yara na hayaniya, uwar gida na shiga kicin tana fitowa tana tambayar abin da ya wuce ta. Mai talla kuwa wannan falo mai hayaniya ya biya kuɗi don ya shiga.

Daɗin daɗawa, allon da ake haɗa shirin a kansa daban yake da wanda ake kallonsa. Edita yana aiki ne da babban allo mai kyan haske a ɗaki mai duhu, da abin sauraro a kunnensa. Kaso mai yawa na masu kallo kuwa a ƙaramar waya suke gani, sun rage ingancin hoton don data ta kai su ƙarshen mako, wasu ma a cikin shago ko a bakin titi da rana tsaka. Fitowar dare da ta yi kyau a ɗakin edita takan zama baƙin allo a irin wannan waya, maganar da aka yi da raɗa takan ɓace, kuma lambar wayar kamfanin da ya ba da talla, idan an rubuta ta da ƙananan haruffa, ba mai iya karanta ta. Masu shirin da suka gane wannan sukan tura aikin cikin waya mai araha su duba kafin su sake shi. Abu ne da ba ya cin ko sisi, kuma ɗan kasuwar da ya sa tallarsa yana da ikon ya nemi a nuna masa ita ta wannan hanya kafin ya biya cikon kuɗi.

Abin da ake kallon shi ma ya sauya sau da dama. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa a 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, DStv ta fara aiki a 1995, StarTimes ta shigo Nijeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA ta kawo tashoshi masu yawa a farashin da talaka zai iya. A 2014 aka buɗe Arewa24, wadda wasanta Daɗin Kowa ya nuna cewa masu jin Hausa za su iya bin labari guda mako bayan mako har shekaru. A 2015 Zee World ta fara kawo wasannin Indiya masu dogon zango da aka juya zuwa Turanci. Ana cikin haka kamfanoni irin su Algaita a Kano suka shahara da juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, daga baya kuma wasannin Turkiyya da na Koriya suka samu masu bi. Duk wannan ya zo ne a lokacin da kasuwar faifai ke durƙushewa, tun daga wajen 2015, saboda satar fasaha da yaɗuwar wayoyin da ake tura fim a cikinsu.

'Yan fim suna cikin masu kallon waɗannan wasanni, kuma sun koyi darasin da ke cikinsu, wanda na lissafi ne kafin ya zama na fasaha. Fim guda sau ɗaya ake sayar da shi, idan bai karɓu ba jari ya tafi. Wasa mai dogon zango kuwa yana raba kuɗin gida da sutura da hayar kayan aiki a kan kashi 13 ko fiye, yana ba da wurin sa talla kowane mako, kuma idan aka iya yanke kowane kashi a daidai inda hankali ya tashi, mai kallo zai dawo da kansa ba tare da an kashe kuɗin kiransa ba. A 2020, shekarar da annobar korona ta tsare mutane a gida, Izzar So ya fito a YouTube, Labarina na Aminu Saira kuma ya fara a Arewa24 da YouTube, kuma daga nan mafi yawan masu shiryawa suka juya ga wannan tsari. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, sai dai a nan masu rawar sun daɗe suna sauraron kiɗan a gidajensu kafin su fito fili.

A halin da ake ciki akwai wani sabon abin kallo da ya fi cin lokacin furodusa fiye da kowane wasa, wato shafin alƙaluma da YouTube ke bai wa mai tasha. Ka'idar kamfanin ita ce, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin watanni 12, sa'an nan mai tashar yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, kuma bidiyon da ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya. Shafin yana nuna yawan waɗanda suka buɗe shirin, da mintin da suka fara watsewa, da ƙasashen da suke, da irin na'urar da suka yi amfani da ita. Tun da farashin talla ya danganta ne da ƙasar mai kallo, mutum guda da ya kalla daga Amurka ko Ingila yakan kawo kuɗi fiye da mutane da dama a gida. A zamanin kaset furodusa sai ya jira dila ya gaya masa yadda kasuwa ta kasance, kuma dila ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Yanzu cikin sa'o'i kaɗan ya san inda labarinsa ya yi sanyi.

Wannan ci gaba ne, amma yana da nasa tarko. Na ɗaya, kowa yana kallon tashoshi ƙalilan ɗin da suka fi tara jama'a, kowa kuma yana kwaikwayonsu, har ta kai idan labarin attajiri mai izza ko na rikicin gado ya karɓu, cikin 'yan watanni sai a ga irinsa birjik. Irin wannan cunkoso ne ya taimaka wajen karya farashin faifai a baya, kuma ba abin da ya hana shi karya farashin talla. Na biyu, sharhin da masu kallo ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyo, wanda 'yan fim ke bi sau da ƙafa har wani lokaci su karkatar da labari saboda shi, muryar wani rukuni ne kawai, na masu data da iya rubutu da sha'awar yin magana. Matar da ke kallo a talabijin ta tauraron ɗan'adam ba ta cikin wannan lissafi. Haka nan dubban da ke zuwa shagon masu tura fim a cika musu waya da 'yan kuɗi kaɗan, waɗanda kallonsu ba ya shiga alƙaluman kowa kuma ba ya kawo wa mai shirin ko kwabo. Mai sayar da garin kunu ko sabulun wanki yana iya zama waɗannan mutanen da ba a ƙirgawa su ne ainihin abokan cinikinsa.

Akwai kuma al'adar aro, wadda a da ba ta da farashi amma yanzu tana da shi. Edita da ya saba jin wani kiɗa mai taushi a fim ɗin Indiya ko na Turkiyya yakan ciro shi ya shimfiɗa a ƙarƙashin fitowar kuka, kamar yadda aka yi ta yi a zamanin kaset ba wanda ya tanka. YouTube tana da manhajar da take kira Content ID, wadda ke gwada duk abin da aka ɗora da ayyukan da masu su suka yi wa rajista. Idan ta gano kiɗan, mai shi yana iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin tallarsa zuwa aljihunsa. Ke nan kashin da aka kashe kuɗi mai yawa wajen ɗauka yana iya yi wa wani kamfani a Mumbai aiki saboda kiɗan minti ɗaya. Nijeriya ma ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izini ba. Mai zuba jari da bai tambayi inda aka samo kiɗan shiri ba ya bar ƙofa a buɗe.

Shi kansa kallon ya yi tsada. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin shekarar sun ɗaga kuɗin janareta da na kayan aikin da ake shigowa da su, kuɗin tashoshin biya ya hau sau da dama, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Ba kasafai ake ganin layin kuɗin kallo a kasafin ƙaramin kamfanin fim ba, don ana ɗaukarsa shagali ne, kowa ya ji da kansa. Abin da kan biyo baya shi ne yaran ofis su koma shagon masu tura fim ɗin nan, su sayi aikin wasu a arha kamar yadda ake sayen nasu. Kamfanin da ke gina gidaje ba zai hana injiniyansa kuɗin zuwa duba ginin wasu ba, amma a harkar fim hakan ake yi.

A Kano akwai ƙarin ido guda da ake kallo da shi, na Hukumar Tace Fina-finai ta Jiha da aka kafa a 2001. Darakta da ya ga wata fitowa a wasan Turkiyya ta burge shi dole ya auna ko za ta wuce a gida. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da wasanni 22 masu dogon zango, har da wasu daga cikin mafi shahara, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba kafin a saki ba. Ga mai talla da ya biya kuɗin makonni 13, tsayawar mako biyu ma hasara ce da ya kamata yarjejeniya ta faɗi wanda zai ɗauka.

Yawancin manyan kuɗin talla a Legas ake yanke shawararsu, a ofisoshin da da yawa daga ma'aikatansu ba su jin Hausa kuma tashoshin da suke kallo daban ne. Abin da ke hannunsu shi ne adadin da ke rubuce a ƙarƙashin bidiyo da kuma maganar furodusa. Wannan adadi na nuna sau nawa aka buɗe shirin ne, bai nuna ko an kai minti na 40 inda aka sa tallar ba. Bayanin hakan yana cikin shafin mai tashar, tare da rabe-raben ƙasashe da shekarun masu kallo, kuma ana iya buɗe shi a gaban mai talla cikin minti biyar.